Yadda Ake Mayar da Banɗakin Turaka na Zamani a Damagaram

Yawancin magidantan da suke nemana kan gyaran banɗakin turaka, da hoto suke zuwa a cikin waya: karo mai sheƙi tun daga ƙasa har rufi, bangon gilashi, da kan dush mai faɗi kamar faifai. Hoton ba shi da laifi, sai dai an ɗauke shi ne a garuruwan da famfo ba ya ɗaukewa. Damagaram kuwa a kan dutse take zaune, ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma kowa ya san cewa idan bazara ta tsananta akwai unguwannin da sai da ƴan garuwa ake cika randa. Saboda haka banɗakin da nake kira na zamani shi ne wanda ba ya ɓarnar ruwa, ba ya wari, ba ya jiƙa bangon ɗakin kwana, kuma yana biyan buƙata ko a ranar da famfo ya bushe. Bayanin nan ya shafi gidan siminti mai ɗaki da banɗaki a haɗe, kuma inda gidan ƙasa ya sha bamban zan faɗa.

Kayan aiki da kayan gini

Daga cikin kayan hannu ana buƙatar tef ɗin awo, nibo (ma'aunin daidaito da gangara) mai tsawon mita 1 aƙalla, igiya da alli na jan layi, guduma da ƙarfen fasa gini, shebur, baro, bokitai, cokalin gini, cokali mai haƙora na shimfiɗa siminti-kol (simintin manna karo), gudumar roba, injin yanka karo, zarton yanka tiyo, injin huda bango, da injin da ke haɗa tiyon roba na PPR da zafi. Masu aikin da za ka ɗauka, wato magini, mai aikin famfo, mai aikin kuran da mai karo, kowa zai zo da nasa. Amma tef da nibo ka sayi naka, domin da su za ka riƙa duba aikin kowace yamma bayan an tashi. A tanadi tabarau da takunkumi saboda ƙurar yankan karo tana cutar da ido da ƙirji.

Kayan gini su ne siminti, yashi mai tsabta wanda babu laka a cikinsa, siminti-kol, garin cike tsakanin karo, ƴan robobin daidaita tazara, silikon, da maganin hana ruwa ratsa siminti. Simintin Malbaza ne ko Dangote ko BUA, duk suna yi; abin dubawa shi ne kada buhun ya kasance ya sha raɓa ya yi gudaji. Don fitar da ruwa za a nemi tiyon PVC mai milimita 100, mai 50 da mai 40, da gwiwoyinsu da gam ɗinsu. Don shigo da ruwa kuwa tiyon PPR mai milimita 25 da mai 20, makullan ruwa, da zaren Teflon. Ɓangaren wuta yana son waya mai kaurin 1.5 da mai 2.5, tiyon rufe waya, da disjontar mai 30 mA, wato makunnin kariya da ke yanke wuta da kansa idan ta fara zurarewa.

Masai, lababo (kwanon wanke hannu), famfunan dush da magudanar daɓe a saye su tun kafin a fasa komai, ko a Kasuwar Dole da shagunan Zango ne, ko kuwa daga Kano za a kawo. Dalili shi ne kowane masai da irin tazarar mafitarsa daga bango, kuma mai famfo ba zai san inda zai tsayar da tiyo ba sai ya ga abin da idonsa. Karo kuma a saye shi gaba ɗaya a rana guda, a duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya, a ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awon da aka yi saboda yanka da fashewa. Wanda ya koma shago bayan mako biyu neman kwali ɗaya, sau da yawa yakan tarar da launin ya ɗan bambanta ko kuma ya ƙare.

1. Awo da tsari a takarda

Ka auna tsawon banɗakin da faɗinsa da tsayinsa, ka zana a takarda, ka nuna ƙofa da taga da inda tsohon tiyo yake fita, da gefen da ramin fos yake, wato ramin da ke tara ƙazantar masai. Daga nan ka raba ɗakin gida biyu, ɓangaren da zai jiƙe da ɓangaren da zai zauna a bushe. Dush ya tafi can ƙurya nesa da ƙofa, lababo ya zo kusa da ƙofa, masai kuma ya jingina da bangon da ya fi kusa da fos domin tiyonsa ya zama gajere. Wurin dush kada ya gaza santimita 90 kowane gefe, idan ya samu 90 da 120 ya fi daɗin wanka. Masai yana son faɗin santimita 80 da fili santimita 60 a gabansa.

Alƙiblarmu gabas ce mai karkata kaɗan zuwa arewa, don haka idan fili ya ba da dama a dasa masai yadda mai zama zai fuskanci kudu ko arewa. Malamanmu na Malikiyya sun yi sauƙi game da wanda yake cikin gini, amma a lokacin zane juya masai ba ya cin ko dala, bayan an manna karo kuwa sai an sake fasa daɓe.

Na zama ko na tsuguno? Duka biyun suna shiga banɗakin zamani. Na zama ya fi sauƙi ga mai ciwon gwiwa, mai juna biyu da tsoho. Na tsuguno ya fi jure wahala, kuma buta biyu ko rabin bokiti suna wanke shi ranar da babu ruwa. Wanda ake ratayewa a bango a ɓoye tankinsa a cikin gini yana da kyan gani, amma ba na ba da shawararsa sai idan mai shagon ya nuna maka kayan gyaransa a kan kanta, domin robar da ke cikin tankin za ta gaji wata rana. Bahon kwanciya kuwa a bar shi: cika shi sau ɗaya yana cin lita 150 ko fiye, wato jarka shida masu lita 25. Wurin da zai cinye gara a gina ɗan dakalin zama mai tsayin santimita 45 a cikin ɓangaren dush, a sa famfo ƙasa-ƙasa a gabansa. Wannan famfon shi ne na cika bokiti da buta, na wanke ƙafa, kuma shi za a fi buɗewa a gidan.

2. Tanki da ƙarfin ruwa

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ne yake yanke hukunci kan ko dush zai yi aiki. Mata da miji, idan aka haɗa wanka safe da yamma, korar masai, alwala da wanke hannu, sukan ci lita 150 zuwa 200 a yini. Tanki mai lita 1000 zai riƙe su kwana biyar ko shida idan banɗakin kaɗai yake shayarwa. Sai dai lita 1000 na ruwa nauyin tan ɗaya ne, don haka ba a ɗora shi a tsakiyar rufin dal yadda aka ga dama. A ɗora shi daidai kan ginshiƙi, ko a yi masa ƙafafun ƙarfe ko na bulo a tsakar gida. Rufin kwano da na azara ba a ɗora musu tanki sam.

Ƙarfin ruwan tanki daga tsayi yake zuwa: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da bar 1 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa). Tankin da ya ɗara kan dush da mita 3 kacal, bar 0.3 zai bayar, kuma da wannan ƙarfin babban kan dush ɗigo kawai zai riƙa yi daga gefe guda. Mafita uku ce. Ko a ɗaga tankin sama gwargwadon iko, ko a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa, ko a haƙura da babban kai a sa madaidaici tare da na hannu mai tiyo. Na ukun na fi zaɓa wa mutane, domin injin sai da kuran yake aiki, kuma ƙaramin kai ya fi tattalin ruwa. Tiyon da zai sauko daga tanki ya zama mai milimita 32 ko 25, a rage shi zuwa 20 sai a daf da famfo, saboda siririn tiyo mai gwiwoyi da yawa yana cinye ɗan ƙarfin da ake da shi.

A mashigar tanki a sa bawul mai hana ruwa komawa baya, da ƙwallon da ke rufe ruwa idan ya cika. Idan ruwan unguwarku ba ya iya hawa sama, a yi tanki na biyu a ƙasa wanda zai tara ruwan dare ko na ƴan garuwa, a riƙa tura shi sama da inji. A yi wa tankin sama rumfa, domin a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma ruwan baƙin tanki da ya wuni a rana ba ya taɓuwa da la'asar. Murfinsa ya rufu ruf saboda ƙurar hunturu, a kuma sa matata a kan tiyon da ke saukowa don kada yashi ya toshe famfuna.

3. Rushe tsohon aiki

A rufe ruwa, a kashe wutar ɓangaren daga allon gida, a rufe ƙofar da ke shiga ɗakin kwana da leda da jiƙaƙƙen zane. A cire tsofaffin kaya, a cusa tsumma a bakin tiyon masai saboda wari da ɓaraguzai, sannan a fasa karo da tsohon daɓe har a kai ga kankare. Ginshiƙi da ɗaurin kankare ba a sara su don wuce da tiyo. A zagaye su. Wasu sukan manna sabon karo a kan tsoho don gudun ƙura. Yana yiwuwa idan tsohon bai ɗaga ba, amma hakan na nufin an binne tsohon tiyo da duk cutar da ke jikinsa.

Idan bangon na ƙasa ne, kamar yadda ake samu da yawa a Birni, karo ba zai zauna a jikinsa ba ko da an yi masa shafen siminti, domin ƙasa tana motsi da danshi, shafen ya rabu da ita. Abin yi shi ne a tayar da siririn bango na bulo mai santimita 10 daga ciki, a kan ɗan harsashinsa, duk tiyo da karo su zauna a jikin wannan sabon bangon.

4. Hanyar fitar ruwa

Masai yana fita da tiyo mai milimita 100, dush da mai 50, lababo da mai 40. Kowane tiyon da ke kwance a ba shi gangara ta santimita 2 a kowace mita, a auna da nibo, kada a yarda da awon ido. Idan gangarar ta yi kaɗan ruwa zai kwanta, idan ta yi yawa ainun ruwa zai gudu ya bar ƙazanta a baya. Inda za a juya, a haɗa gwiwa biyu masu digiri 45 maimakon ɗaya mai 90, saboda a kaifin kwana ne toshewa take farawa. Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu ta gasa bakin tiyo da wuta don a cusa wani a ciki. Kada ka yarda a yi maka ita. Tiyon da aka gasa yakan yi rauni ya tsage a ƙarƙashin daɓe, inda babu mai gani sai bango ya fara feshin gishiri. A sayi mahaɗi, a goge bakin da takarda mai kaushi, a shafa gam, a cusa har ƙarshe.

Ruwan masai shi kaɗai ya tafi fos. Ruwan wanka da na lababo a yi musu hanyarsu daban zuwa ramin tsotsewa, domin sabulu da yawan ruwa suna cika fos da wuri. A unguwannin da dutse yake kusa, inda ba a iya haƙa rami mai zurfi, a yi shi mai faɗi a cika da tsakuwa, ko a karkata ruwan wanka zuwa gindin bishiyar tsakar gida. Sakin sa a titi kuwa zalunci ne ga maƙwabta, kuma sauro yake tarawa. A waje, daf da bango, a gina ɗan akwatin dubawa mai murfi inda tiyon ya fito, don in an samu toshewa a zura sanda daga nan.

Maganin wari abu biyu ne. Na farko shi ne sifo, lanƙwasar nan da ke riƙe ruwa kamar santimita 5 ta tare iskar rami. Masai na zama yana zuwa da nasa, amma na tsuguno da magudanar daɓe da lababo sai an tabbatar an sa musu, kuma akwai magudanai masu araha a kasuwa waɗanda rariya ce kawai babu komai a ƙarƙashinta. Ka ɗaga murfin ka duba kafin ka biya. Na biyu shi ne tiyon shaƙar iska, wanda ake ɗauka daga layin masai a haura da shi har ya wuce rufi, a ɗaure bakinsa da ragar sauro. In babu shi, kuma aka yi kuskuren haɗa layin dush da na masai, duk lokacin da aka kori masai ruwan zai zuƙe na cikin sifon dush, wari ya shigo har kan gado. Kafin a rufe komai, a toshe ƙarshen layin, a cika shi da ruwa, a bar shi ya kwana, da safe a bi kowace mahaɗa da hannu.

5. Hanyar shigar ruwa

A fara da makulli guda a wajen banɗakin wanda zai rufe ruwansa shi kaɗai, sannan ƙananan makullai a gindin masai, lababo da hita. Tiyon PPR ana haɗa shi da zafin digiri 260, kuma daƙiƙoƙi kaɗan suka ishi ƙaramin tiyo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar shi ya narke da yawa, a danna da ƙarfi, robar ta taru a ciki ta toshe rabin hanya. Daga waje aikin yana da kyau, amma ruwa ba ya zuwa. Ka ce a haɗa guntu biyu a gabanka, ka leƙa cikinsu a haske. Tiyon ya bi bango a miƙe, ko a tsaye ko a kwance, ba a karkace ba, domin nan gaba a san inda ba za a huda ba.

Tsayin da aka saba, ana aunawa daga saman karon da za a gama da shi: famfon dush santimita 110, kan dush 200 zuwa 210, bakin lababo 85, famfon bokiti 50 zuwa 60. Famfon da ke gauraya ruwan zafi da na sanyi yana son tazarar santimita 15 tsakanin bakunan biyu, na zafi a hagu, na sanyi a dama. A fitar da baki ɗaya a gefen daman mai zama a masai don ɗan tiyon tsarki. Tiyon da ya bi waje a rana a rufe shi ko a shafa masa fenti, saboda rana tana busar da roba. Idan an gama a toshe bakuna, a saki ruwa, a bar shi kwana guda, sannan ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka, da tef a miƙe a jiki, kafin magini ya shafe.

6. Wutar lantarki

Wutarmu volt 220 ce, kuma jiƙaƙƙen mutum mara takalmi ba ya jure abin da busasshe zai jure. Duk layin banɗaki ya bi ta disjontar mai 30 mA, kuma a ja wayar ƙasa ta gaske har zuwa sandar da aka kafa a ƙasa mai danshi. Gidaje da yawa ba su da wannan wayar. Idan naka yana cikinsu, yanzu ne lokacin yin ta. Fitila ta ɗauki waya mai 1.5, soket da hita mai 2.5. Makunnin fitila ya zauna a waje bakin ƙofa, soket kuma ya nisanci wurin dush da santimita 60 aƙalla, ya zama mai murfi. Fitilun su zama rufaffu masu lambar IP44 ko sama, wato masu jure fantsamar ruwa.

Ruwan zafi a nan na watannin sanyi ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, don haka hita mai lita 30 ko 50 ta wadatar. A ba ta layinta daban, a rataye ta a wajen ɓangaren dush, a sa mata bawul ɗinta na kariya mai sakin ruwa idan matsi ya yi yawa, kuma kada a kunna ta sai ta cika da ruwa. Wanda ke da hali, mai aiki da hasken rana ta fi dacewa da garinmu. Ƙaramar hitar da ake ɗaurawa a kan dush da waya a fili kuwa, ban yarda a sa ta a gidan kowa ba.

7. Daɓe, gangara da hana yoyo

A share kankaren, a jiƙa shi, sannan a kwaɓa siminti kashi 1 da yashi kashi 3 ko 4, tare da maganin hana ruwa. Idan garin Sikalite ne, kilo 1 ake zubawa a buhun siminti mai kilo 50. Daɓen banɗaki ya zauna ƙasa da na ɗakin kwana da santimita 2, na wurin dush kuma ya ƙara sauka kaɗan. Gangarar ta zama santimita 1.5 zuwa 2 a kowace mita, ta nufi magudana daga kowane gefe. Hanya mai sauƙi ita ce a fara kafa magudanar a tsayinta, a ja layi a bango a tsayin da gefuna za su kai, a ɗaura igiya tsakaninsu, a bi igiyar da shafe. Doguwar magudana da ake kwantarwa a gindin bango ta fi dacewa da manyan karo, domin gangarar gefe guda take bi, ba sai an yayyanka karo ba. Kusurwar da bango ya haɗu da daɓe a cike ta da kwaɓi a zagaye ta, saboda a nan ne tsagewa take fara fitowa.

A zafinmu siminti yakan bushe kafin ya yi ƙarfi, don haka a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har mako guda, a rufe shi da buhuna. Na san ruwan tsada gare shi, amma daɓen da bai sha ruwa ba gari yake zama a ƙarƙashin karo. Bayan ya yi ƙarfi a shafa maganin hana yoyo na buroshi hannu biyu, na biyu ya gitta na farko, a rufe daɓen duka, a haura bango santimita 30 a ko'ina, a wurin dush kuma har mita 2. A kula sosai da kewayen magudana da inda tiyo ya ratsa. Idan ba a samu na shafawa ba, a yi shafen siminti mai maganin hana ruwa hawa biyu, a goge na ƙarshe sumul. Bai kai na farko ba, amma ya fi babu nesa.

Sannan sai gwaji. A toshe magudana, a tare bakin ƙofa da kwaɓi, a zuba ruwa ya kai santimita 3 zuwa 5, a yi alama a bango, a rufe ƙofa da taga, a bar shi kwana biyu. A duba bayan kowane bango, idan bene ne a duba rufin ƙasa. Ruwan a kwashe shi a yi kwaɓi da shi. Mai karo zai ce ana ɓata masa lokaci, ka ba shi haƙuri ya jira, domin bayan an manna karo babu sauran gyara mai araha.

8. Manna karo

Karon ƙasa ya zama mai ɗan kaushi, wanda aka rubuta R10 ko R11 a kwalinsa. Idan babu rubutu, ka zuba masa ruwa a shagon ka murza da tafin hannu. Mai sheƙi na bango ne kawai. A ƙasa, da sabulu, shi ne yake karya ƙugun tsofaffi. Launi biyu sun isa, kuma ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka sun fi fari fat da baƙi wuluk ɓoye ƙurar garin nan. Manyan karo irin masu santimita 30 da 60 ko 60 da 60 suna rage yawan layukan da datti ke maƙalewa.

A fara da bango. A ja layi da nibo a tsayin karo ɗaya daga ƙasa, a kafa katako a kai, a fara daga jere na biyu, jeren ƙasa sai bayan an gama daɓe. Kafin a manna, a jera karon a ƙasa a ga inda yanka zai faɗa, a tura shi ƙuryar da ido bai cika zuwa ba. Siminti-kol a kwaɓa kaɗan-kaɗan, a shimfiɗa da cokali mai haƙora daidai wurin karo biyu ko uku, domin iskarmu tana busar da fuskarsa cikin mintoci kaɗan. Idan ka taɓa bai kama yatsa ba, a kankare a sake. Babban karo a shafa masa a bayansa ma. Kada a yarda da dunƙule biyar da wasu ke ɗorawa a bayan karo, domin ramin da ke tsakaninsu ruwa da kyankyaso suke zama. Tazara milimita 2 zuwa 3. Washegari ka bi karon da ƙwanƙwasa, duk wanda ya yi amon fanko a cire shi. Bayan sa'o'i 24 a cike tsakani, amma kusurwoyi da gindin bango a sa musu silikon. In babu siminti-kol sai kwaɓin siminti, to a jiƙa karon bango a ruwa tukuna, a cika bayansa gaba ɗaya.

9. Kafa kaya

Kafin a ɗaura famfuna a saki ruwa ya wanke tiyo. Masai a zaunar da shi da robar bakinsa da kusoshinsa, a zagaye gindin da silikon. Kada a dasa shi da siminti, domin ranar gyara sai an fasa shi. A zaɓi mai maɓalli biyu, na lita 3 da na lita 6, maimakon tsofaffin da ke zubar da lita 9 ko fiye. Lababon da ke da akwati a ƙasa a rataye akwatin a bango, ya zama na aluminiyam ko PVC, saboda katakon da aka matse daga gari kumbura yake yi, gara kuma ta ƙarasa shi. Duk hudar da za a yi, a duba hotunan bangon da ka ɗauka kafin shafe tukuna. Gilashin raba dush ya zama mai tauri na musamman, milimita 8, wanda in ya fashe yake zama ƙananan tsakuwoyi, kuma a auna shi bayan an gama karo domin ba ya yankuwa. In bai samu ba, ɗan bango mai karo ko labule mai kyau sun fi gilashin taga aminci. A kafa ƙarfen riƙewa kusa da masai da dakalin zama.

10. Iska, ƙofa da duba na ƙarshe

Taga ta zama can sama, mai gilashi mara nuna mutum da ragar sauro. In babu bangon waje, a sa fankar zuƙe iska mai fitarwa waje, a kuma bar santimita 1 zuwa 2 a ƙasan ƙofa. Ƙofar ta zama aluminiyam ko PVC. Rufi a shafa masa fenti mai jure danshi, fitila ɗaya a tsakiya, ɗaya a saman madubi.

Kada ka biya cikon kuɗin aiki sai ka yi waɗannan da kanka. Ka watsa bokiti guda a kowace kusurwa ka ga ko ruwan zai tafi magudana ba tare da tsintsiya ba. Ka kori masai sau da yawa a jere kana sauraren magudanar dush. In ta yi gurguru, an haɗa layinta da na masai, kuma tiyon iska bai yi daidai ba. Ka shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin kowane makulli ta kwana. Ka danna maɓallin gwaji na disjontar ka ga ko wuta za ta ɗauke nan take, kuma ka riƙa maimaita hakan duk wata. Ragowar karo da garin cike tsakani a adana su a ɗakin ajiya. Idan za ku yi doguwar tafiya a bazara, ku rufe babban makulli, ku cika kowane sifo da ruwa ku ɗora masa murfi, domin zafi yana ƙafar da shi, kuma idan akwai wanda ya rage a gida ya riƙa zuba kofi biyu a magudanar duk mako.